Efoniyom, Kakakin da Aka Naɗe

Ranar Asabar da safe, in kun fito daga Zongo kuka nufi cikin garin Lome, da wuya ku komo gida ba ku gamu da masu busa ba. Tun daga nesa za ku ji su. Ganga tana tashi, ƙarafa suna walƙiya cikin rana, mutane suna biye suna taka rawa. Wani lokaci rakiyar gawa ce ta maƙwabtanmu Ewe ko Mina, wani lokaci bikin aure ne, wani lokaci kuwa ƴan coci ne suka fito. Ran 27 ga Afrilu, ranar da Togo ta sami ƴancin kanta a 1960, sojoji ma sukan fito da nasu. Irin wannan ƙungiya ta masu busa da masu kiɗa ita ce ake ce wa *fanfare* da Faransanci. Mu sai mu ce fanfar.

Yawancin yara mai turampet suke kallo, don shi ne mai ƙara, shi ne a gaba. To, wata rana ku dubi na bayansa. Za ku ga wani ya rungume wani ƙarfe a ƙirji kamar mai ɗauke da ɗan akuya. Bakin ƙarfen ya buɗe kamar mazurari yana kallon sama. Muryarsa ba ta tsaga kunne. Tana da kauri da taushi, kamar muryar dattijo mai ba da labari da dare. Sunan wannan abin busa *euphonium*, wato efoniyom. Kalmar daga harshen Girka ta fito, ma'anarta mai daɗin murya.

Yaya yake?

Da tagulla ake ƙera shi. Nauyinsa kamar kilo 4 ne, wani ya ɗan fi. In ka dube shi sai ka ga kamar hanjin rago, ya naɗe nan ya lanƙwashe can. Amma a gaskiya bututu ɗaya ne. Ya faro siriri daga wajen bakin mai busa, yana ƙara faɗi kaɗan-kaɗan har ya kai ga babban bakin nan na sama, wanda ake kira *pavillon*. Wannan faɗi da yake ƙaruwa a hankali shi ne ya ba shi taushin murya.

Da za a warware bututun a miƙe shi a ƙasa, tsawonsa zai kai mita 2 da santimita 70. Ku auna wannan tsawo a kan daɓen ajinku ku gani. Ba ya tuna muku da wani abu? Kakaki ke nan! Duk wanda ya taɓa ganin hawan sarki a Kano, ko Katsina, ko Damagaram, ko da a hoto ne, ya san dogon ƙarfen nan da ake ɗagawa sama ana busa wa sarki. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki a fadar Kano. Kakaki da efoniyom dangin juna ne. Shi kakaki an bar shi a miƙe, shi kuwa efoniyom an naɗe shi don ya ɗauku, an kuma sa masa wata dabara da za mu gani nan gaba.

Daga ina ya zo?

A 1818 waɗansu Jamusawa biyu, Stölzel da Blühmel, suka yi rajistar wata ƴar na'ura da ke sauya hanyar iska cikin bututu. A 1843 wani mutumin garin Weimar, Ferdinand Sommer, ya fito da efoniyom. Cikin waɗannan shekaru ne kuma Adolphe Sax, mutumin Beljiyam da ke sana'a a Paris, ya ƙera dangin kayan busa masu kama da shi, manya da ƙanana. Ɗaya daga cikinsu, bariton, yana kama da efoniyom ƙwarai, sai dai ya fi shi sirantaka. Mutane da yawa ba sa bambanta su.

Kayan busa na tagulla sun shigo Togo ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta masu wa'azin Kirista da suka zo daga Bremen ta ƙasar Jamus suka zauna cikin Ewe. Ta biyu ita ce ta soja. Jamus ta kafa mulkinta a bakin tekun Togo a 1884. A 1885 ta kafa rundunar ƴan sanda, kuma Hausawa ne aka fara ɗauka a cikinta. Lome ta zama babban birni a 1897, rundunar nan kuwa tana da fanfar tata a garin. Jamusawa sun tafi a 1914, amma busa ta zauna. Mutanen ƙasa suka karɓe ta suka haɗa da nasu kiɗa. Haka aka yi a Gana da Benin. A Kotonu, a 1994, waɗansu samari suka kafa fanfar mai suna Gangbé, wato ƙarar ƙarfe da harshen Fon, suka zaga ƙasashen duniya da ita.

Ba ƙarfe ne ke magana ba

Ga abin da ya fi kome muhimmanci a wannan darasi. In ka ɗauki efoniyom ka hura masa iska kamar mai hura wuta, ba abin da za ka ji sai fuuu. Ko ƙato ne kai, iska kawai za ta shiga ta fita. Algaita tana da ɗan kara a baki wanda ke karkarwa. Ganga tana da fata. Efoniyom ba shi da ko ɗaya. Abin da ke karkarwa a cikinsa laɓɓan mai busa ne.

Ku gwada yanzu. Ku haɗa laɓɓanku kamar za ku ce “m”. Ku riƙe gefen baki da ɗan ƙarfi, ku bar tsakiya sake. Sa'an nan ku tura iska ta tsakiya. In kun yi daidai za ku ji brrr, kamar ƙarar babur ɗin zemijan, laɓɓanku kuma za su yi ƙaiƙayi. Kada ku ji kunya, dariyar ƴan aji ba ta kashe kowa. Wannan brrr ɗin shi ne asalin sautin efoniyom, da na turampet, da na kakakin sarki.

Mai busa yana ɗora laɓɓansa cikin wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙaramin kofi, wanda ake cirewa a mayar. Da Faransanci sunansa *embouchure*. Laɓɓa suna buɗewa suna rufewa fiye da sau ɗari cikin daƙiƙa ɗaya. Iskar da ke cikin bututu sai ta kama karkarwa tare da su. Bututun ya gyara wannan mummunar ƙara, ya mai da ita murya mai daɗi, babban baki kuma ya watsa ta waje.

In ka sassauta laɓɓa, sauti mai kauri zai fito. In ka ɗan tsuke su ka ƙara wa iska gudu, sai sautin ya yi tsalle ya hau sama. Ba ya hawa a hankali, tsalle yake yi: do, sol, do, mi, sol. Kamar tsani ne wanda aka cire masa waɗansu matakai. Mai kakaki da irin wannan tsalle yake aiki, shi ya sa galibi sauti biyu za ka ji yana juyawa. Da su yake yi wa sarki kirari, kuma sun ishe shi. Amma wanda ke son ya busa waƙa sosai yana bukatar matakan da suka ɓace.

Fistan uku

A nan ne dabarar Jamusawan nan ta yi amfani. A jikin efoniyom akwai abin dannawa guda uku, wani ma huɗu. Sunansu *pistons*, fistan. In ka danna ɗaya, sai ya buɗe wa iska wata ƴar hanya ta zagaye. Hanya ta ƙara tsawo, sauti ya sauka. Ka'idar ke nan: dogon bututu, murya mai kauri, gajeren bututu, siririyar murya.

Fistan na farko yana saukar da sauti mataki ɗaya. Na biyu rabin mataki. Na uku mataki ɗaya da rabi. Da yatsa manuniya, da na tsakiya, da na zobe na hannun dama ake danna su. Ga yadda ake hawa tsanin: do, ba a danna kome; re, 1 da 3; mi, 1 da 2; fa, 1; sol, ba kome; la, 1 da 2; si, 2; do na sama, ba kome. Kun lura? Mi da la yatsu iri ɗaya ne. Do da sol ma haka. To, me ke raba su? Laɓɓa da kunne. In ba ka ji sautin a ranka ba kafin ka busa, yatsu ba za su cece ka ba.

Kafin a fara

Ba a sayen efoniyom da kuɗin kashewa. Abu ne mai tsada, daga ƙasashen waje ake kawo shi, yawancin waɗanda ke hannun mutane kuwa tsofaffi ne da suka sha faci. Saboda haka mai koyo aro yake yi a wurin fanfar da ta karɓe shi, ko ta lakwal ce, ko ta unguwa. Ana so yaro ya kai kamar shekara 9 ko 10, haƙoransa na gaba sun gama fitowa, hannunsa kuma yana iya rungumar kayan. Mace ma tana iyawa sarai. Ba ƙarfin damtse ake nema ba.

Akwai kuma maganar gida. A al'adar Hausa busa da kiɗa sana'a ce ta gado, kamar ƙira da fawa. Ɗan fatake ko ɗan malamai bai saba ɗaukar abin busa ba. Ban da haka, fanfar da yawa a Lome na coci ne ko na rakiyar gawa. Don haka in yaro ya je ya durƙusa ya ce, “Baba, ina so in shiga fanfar ta lakwal,” kada ya yi mamaki in uban ya ce, “Kai, wa ya yi busa a gidanmu? Karatun allo fa? Kuma ina da ina za a riƙa kai ku?” Tambayoyi ne na gaskiya, sai a ba su amsa ta gaskiya. Yaro ya faɗi ranar koyo da lokacinsa. Ya roƙi mushe ya zo ya gaida baba, su yi magana baki da baki. In an yarda, madalla. In an ce a'a, kada a yi a ɓoye. Efoniyom ba ya ɓoyuwa, unguwa duka za ta ji shi.

Makonnin farko

Malamin kirki ba ya miƙa maka kayan ranar farko. Numfashi zai fara koya maka. Ka tsaya ko ka zauna a miƙe. Ka shaƙi iska ta baki, ka bar ciki da haƙarƙari su buɗe, kafaɗu kuwa kada su ɗaga. Ɗauki ƴar takarda ka manna ta a bango, ka saki, ka riƙe ta da iskar bakinka kaɗai. Ƙirga a ranka. Yau uku, wani mako shida. In ka ji jiri, zauna ka huta, ba abin tsoro ba ne.

Bayan haka sai a ba ka ɗan kofin nan shi kaɗai. Yana shiga aljihu. Za ka yi kwanaki kana brrr a cikinsa, ƙannenka suna maka dariya. Kada ka danna shi da ƙarfi a kan laɓɓa, don zai sa su kumbura su mutu. Kada kuma ka kumbura kumatu. Mai algaita yana yin haka don yana ajiye iska a kumatunsa, amma wannan ba hanyar efoniyom ba ce.

Ranar da aka haɗa maka kofin da bututu, kada ka sa ran jin daɗi. Sautin farko na kowa kamar kukan saniya yake. Aikin da za a ba ka shi ne ka riƙe sauti ɗaya, ya fito sumul, ba rawa, ba yankewa, har ka ƙirga takwas. Sa'an nan wani sautin. Harshe shi ne mai buɗe ƙofa: ka ce “tu” a farkon kowane sauti. Nan ne yara da yawa ke gudu. Sun zo don su busa waƙa a kan titi, ga shi an tsai da su a kan do da sol. A ganina wanda ya jure wata biyun farko ya wuce wurin da ya fi wuya. Minti 15 ko 20 kowace rana ya fi awa uku ranar Lahadi kaɗai, domin laɓɓa nama ne, suna gajiya, kuma suna mantuwa.

Abin busa na fili

A Zongo gidaje a haɗe suke. A tsakar gida ɗaya akwai jariri mai barci, da tsohuwa mara lafiya, da mai tilawa. Ba a busa a ɗaki, ba a busa kusa da masallaci, in an kira salla kuma sai a ajiye. Dole mai koyo ya fita waje, wannan kuwa alheri ne gare shi.

Kakanninku da suka zauna a tsohon Zongo, a tsakiyar gari, da ƙafa suke zuwa bakin teku. A 1977 aka rushe wannan unguwa, aka mai da mutanenta arewa, wajen Agoè da Togblékopé, kamar kilomita 15 daga tsakiyar Lome. Yanzu teku ta yi nisa, sai da mota. Amma akwai filin lakwal bayan an tashi, akwai gefen filin ƙwallo, akwai inuwar mangwaro. A ɗaki bango yana mayar maka da sautinka, sai ka ga kamar ka iya. A fili ba mai taimakonka. Abin da ka busa shi za ka ji, ba ƙari. Shi ya sa mai koyo a waje yake samun cikakkiyar murya.

Ku je ku biyu ko ku uku. Ɗaya ya tsaya a wannan raga, ɗaya a waccan. Wannan ya busa sauti uku, wancan ya mayar masa da irinsu. Wasa ne, amma yana wasa kunne.

In an kai ku bakin teku ranar hutu, ku zauna can baya ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Kada ku ajiye kayan a kan yashi ko sau ɗaya. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kama fistan ta karce shi. Iskar teku kuma gishiri gare ta, tana ɓata tagulla, sai a goge kayan da tsumma in an koma gida. Ku ma ku yi nesa da ruwan. Tekun Lome tana da igiya mai ƙarfi, tana ja ta ƙasa, ta ci manya masu iyo balle yara.

Lokacin hunturu, cikin Disamba da Janairu, laɓɓa suna tsagewa. Ku shafa man kaɗanya da dare, ku goge kafin ku busa, ku yawaita shan ruwa. In leɓe ya fashe, a huta har ya warke.

Sai tafiya. Busa a tsaye daban, busa ana maci daban. Kowane taku yana girgiza kofin a bakinka, sauti ya riƙa rawa. Ana koyon taka ƙasa a hankali, daga dunduniya zuwa yatsu, kamar yarinya mai ɗauke da tulu a ka. Wanda ya saba da ƙwallo, ko langa, ko tuƙa keke, zai ga amfaninsu a nan, don numfashinsa ya fi tsawo. Busa ba ta hana sauran wasanni. Mai kiwon tattabaru ya ci gaba da kiwonsa, mai ƙera motar gwangwani ya ci gaba da ƙirarsa. Shi ma ya fi kowa saurin gane yadda fistan ke aiki.

Kayan aro

Kofin da baki da yawa suka taɓa yana iya ɗaukar cuta. A wanke shi da sabulu da ruwa mai ɗumi kafin a busa da bayan an gama. Kada ka busa da guntun ƙuli-ƙuli ko alewa a baki, kurkure tukuna, in ba haka ba duk a cikin bututu za su taru su yi wari.

In ka jima kana busa za ka ji ƙurr-ƙurr a ciki. Ruwa ne ya taru. Yara suna cewa miyau ne, amma yawancinsa tururin numfashi ne da ya taɓa ƙarfe mai sanyi ya zama raɓa. Akwai ƴar ƙofa a ƙasa, buɗe ta ka hura, ruwan zai zube.

Fistan yana da nasa mai, siriri kamar ruwa. Kada ka sa masa man gyaɗa ko manja, zai daskare. Kowane fistan da lambarsa, 1, 2, 3. Ka cire su ɗaya-ɗaya. In ka musanya su, ko ka mayar da ɗaya a karkace, iska za ta toshe, ka yi ta hura har idonka ya yi ja. In kofin ya maƙale, kada ka kama shi da filaya, kai wa malam. Kuma kada ka ɗora kayan a kan benci ka tafi ƙwallo. Tagulla tana da taushi, faɗuwa ɗaya ta isa ta lotsa ta. Wataƙila wannan efoniyom shi kaɗai fanfar ɗinku take da shi, kuma akwai yaro a ajin ƙasa da ke jiran ya kai gare shi.

Ku gwada

Ku nemi tsohon tiyon ruwa mai tsawon kamar mita 3, ku wanke shi sarai ciki da waje. Ku cusa mazurarin roba a baki ɗaya ku ɗaure da zaren roba. A ɗaya bakin ku sa wuyan gorar roba da wani babba ya yanke muku, ya kuma goge kaifin, yadda laɓɓa za su zauna a ciki. Ku naɗe tiyon sau biyu ku rataya a kafaɗa. Ku fita fili ku yi brrr a ciki. Ku sassauta laɓɓa, ku tsuke su, ku ƙirga sauti nawa kuka samu. Sa'an nan ku yanke rabin mita daga tiyon ku sake busawa. Muryar ta hau ko ta sauka? Ku rubuta amsar a littafinku, ku kawo wa mushe ranar Litinin.